Amsa ga mai son zuwa karatun ƙarfafa katalis da lantarki

Ƙanena, saƙonka ya iso ni. Ka ce ka gama digirin farko a ilimin sinadarai, ka ji ana iya ninka aikin katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba, da ɗan ƙaramin lantarki, kana so ka fito waje ka yi digiri na biyu a kai, sai dai kana tsoron kada ya zama yayi ne mai wucewa.

Fagen ya girme ka. Tun 1981 Michael Stoukides da Costas Vayenas suka lura da abin a jami'ar MIT ta Amurka, suna gwajin iskar etilin a kan azurfa. Daga baya Vayenas ya koma Jami'ar Patras a Girka, inda shi da ɗalibansa suka yi shekaru suna tono shi, suka raɗa masa suna NEMCA, gajarcen sunan Turanci da ke nufin canza aikin katalis da lantarki ta hanyar da ba ta bin dokar Faraday. Riƙe wannan sunan, da shi za ka nemo takardun.

Abin da nake so ka gane kafin ka cike fom ɗin kowace makaranta shi ne, a nan ba lantarkin ke yin aikin ba. A sinadaran lantarki na yau da kullum, dokar Faraday ce ke mulki: gwargwadon lantarkin da ka tura, gwargwadon abin da za ka samu. A wannan fagen kuwa katalis ɗin yana ta aikinsa tun kafin ka kunna komai, lantarkin yana canza masa hali ne. Ana shafa filatinam siriri a kan zirkoniya da aka gauraya da itiriya, irin yumɓun da ke cikin na'urar auna oksijin a salansar mota. Idan yumɓun ya yi zafi, ayon na oksijin, wato ƙwayoyin zarrar oksijin masu ɗauke da caji, suna ratsa shi. Ka sa kamar bolt ɗaya, sai su taso su bazu a fuskar filatinam ɗin, su sassauta riƙon da ƙarfen ya yi wa oksijin da ke manne da shi, oksijin ɗin kuma ya fi saurin haɗuwa da etilin. A gwajin Bebelis da Vayenas na 1989, a zafin digiri 370, saurin ƙonewar etilin ya ninka kusan sau 25, kuma ƙarin da aka samu ya fi abin da dokar Faraday ta ba da dama sau 74,000. Kowane ayon guda yakan daɗe a wurin, dubban haɗuwa su gudana albarkacinsa kafin ya ƙare. Ranar da na fahimci wannan lissafin na san a nan zan zauna, har yau kuma bai daina ba ni mamaki ba.

Masana'antu sun daɗe suna ƙara wa katalis ƙarfi. Ƙarfen da ake haɗa amoniya da shi a tsarin Haber da Bosch ana zuba masa fotasiyam tun wajen ƙerawa, amma da zarar an zuba, shi ke nan. Da lantarki kuwa kana ƙarawa kana ragewa alhali injin na aiki, kamar mai murɗa kan famfo, ka kashe kuma katalis ya koma yadda yake.

To me ya hana shi cika masana'antu bayan shekara 40? Katalis na masana'anta ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, an warwatsa su cikin ramukan wani gari mai faɗin fuska, babu yadda za a yi ka ja wa kowace ƙwaya waya. Fatar filatinam da ke karɓar waya kuwa, yawancin ƙarfenta a binne yake, ba ya taɓa iskar, ga shi da tsada. An ƙera na'urori masu faranti da yawa don a magance wannan, an kuma ci gaba, amma matsalar na nan. Ni a ganina nan ne ɗalibi mai naci zai sami abin yi. Akwai kuma sabuwar ƙofa: a 2024 ƙungiyoyin Yogesh Surendranath da Yuriy Román-Leshkov a MIT suka nuna a mujallar Science cewa canjin da bai kai rabin bolt ba ya ninka saurin wani aikin katalis na asid har sau 100,000, kuma a cikin ruwan sinadari, ba tare da tanderu mai zafin ɗaruruwan digiri ba.

Game da shiri, kada ka ɓata lokaci wajen haddace sunayen katalis. Koma kan lissafin saurin haɗuwar sinadarai har ya zame maka jiki, ka haɗa da dokar Faraday da lissafin Tafel mai danganta yawan bolt da saurin haɗuwa, ka koyi yadda na'urar tantance iska ke aiki ko da a takarda ne. Yawancin ranakunka a ɗakin gwaji za su tafi ne wajen neman inda iska ke yoyo da jiran tanderu ya daidaita. A shekarata ta farko na yi makonni ina murnar samun ƙari, ashe lantarkin ne ya ɗumama fatar ƙarfen, zafi ya ƙara saurin. Ya yi mini ciwo ƙwarai, amma tun daga nan ba na yarda da wani adadi sai na auna zafin a kan katalis ɗin kansa, na juya lantarkin baya, na maimaita gwajin.

Idan za ka rubuta wa malamin da kake so ya duba aikinka, karanta takardunsa biyu na baya-bayan nan tukuna, ka yi masa tambaya ɗaya ta gaske a kansu. Ka kuma tambaye shi ko kuɗin binciken zai kai ka ƙarshen karatun, da ɗalibai nawa ke raba na'ura ɗaya. Turo mini wasiƙar kafin ka aika in duba maka. Allah ya ba da sa'a.