Amsa ga mai neman haya bayan an tashe shi sau biyu

Ɗan'uwa, ka ce sau biyu ana tashinka saboda kuɗin haya, kuma yanzu kana tsoron kowane mai gida zai guje ka. Allah Ya kawo sauƙi.

A Kano dai ba wani kundi da ake rubuta sunan wanda aka taɓa tasa. Bakin dillalai shi ne kundin. Su ke kai labari daga Ɗorayi zuwa Rijiyar Zaki kafin ka isa da ƙafarka. Don haka kada ka ɓoye. Ka riga su faɗa, ka ce aiki ne ya tsaya, yanzu ga abin da nake samu.

Abin da ya fi tasiri shi ne mai tsaya maka. Liman, mai unguwa, ko shugabanka a wurin aiki, wanda mai gida zai ji nauyinsa. Ni da kaina haka na samu ɗaki biyu bayan an fitar da kayana, kawuna ne ya sa baki, magana ta ƙare a zama ɗaya.

Idan akwai sauran bashi a tsohon gida, je ka biya ko rabi ne, ka karɓi rasit. Takardar nan ta fi rantsuwa aiki.

Sannan ka nemi gidan da kuɗin shekararsa, haɗe da la'adar dillali, ba zai shaƙe ka ba, ko da bayan gari ne. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a sa wa'adin notis a ciki.