Kason zaki da ɗigon teku: yadda Turanci ke faɗin yawa da ƙaranci

Tambaya: Malam, a jaridun Turanci nakan ga an ce wata ma'aikata ta samu "the lion's share" a kasafin kuɗi, wani marubucin kuma ya ce kuɗin "a drop in the ocean" ne. Shin waɗannan kalamai suna da takamaiman adadi? Sannan "quite a few" kaɗan ne ko da yawa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, babu wanda yake ɗauke da adadi a cikinsu. Kwatance ne kawai, shi ya sa dole ki fara tambayar kanki: da me ake gwada kuɗin?

"The lion's share" shi ne abin da muke cewa kaso mafi tsoka. Asalinsa tatsuniyar Aesop ce ta tsohuwar Girka, inda zaki ya fita farauta da wasu dabbobi, da aka zo rabo ya haɗe naman duka. A yau ma'anar ta sassauta, ta koma kason da ya fi na kowa. A ce an raba naira miliyan 100 ga ma'aikatu biyar, ɗaya ta samu miliyan 60, to ita ce da kason zaki. Amma idan ta samu 22 sauran suna da 19 ko 20, kalmar ta yi mata girma. Kuma galibi da "the" ake faɗarta, sau da yawa "of" ya biyo baya.

"A drop in the ocean" kuwa yana gwada abin da aka bayar da girman buƙata. Don haka marubutan nan biyu ba su saɓa wa juna ba: ma'aikata tana iya cinye mafi yawan kasafi, amma idan aka dubi aikin da ke gabanta, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Mutanen Ingila ke cewa "ocean", Amurkawa sun fi cewa "a drop in the bucket", wanda ya samo asali daga littafin Ishaya 40:15 a cikin Baibul.

Akwai ɗan'uwansu da ake yawan ɓatawa, "the tip of the iceberg". Dutsen ƙanƙara da ke yawo a teku, kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai ke fitowa saman ruwa. Ana faɗarsa galibi kan matsala, kamar almundahana ko annoba, wadda abin da aka bankaɗo kaɗan ne daga abin da ke ɓoye. Masu fassara kan ce somin taɓi, amma bai cika dacewa ba, domin somin taɓi na nufin sauran na tafe, wannan kuwa sauran yana nan tuni, ba a gani ba ne.

Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi kayar da ɗalibai a jarrabawa. "Few people came" ƙorafi ne: ƙalilan ne suka zo, ba a ji daɗi ba. "A few people came" kuwa wasu 'yan mutane sun zo, babu laifi. Da an sa "quite" a gaba sai ma'anar ta juya gaba ɗaya, "quite a few" ya zama mutane da dama. Haka "little" da "a little" suke, sai dai su ana amfani da su ne ga abin da ba a ƙirgawa a nahawun Turanci, kamar ruwa, lokaci da kuɗi. Shi ya sa "a few money" kuskure ne, sai dai "a little money" ko "a few naira".