Zagayen kilomita 4 a duwatsun Shere: zan iya zuwa da yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Jos nake zaune. Abokan aikina sun ba ni labarin wata 'yar hanya a gindin duwatsun Shere, wadda ke ratsa itatuwa da duwatsu ta zagayo inda aka faro, sun ce ba ta wuce kilomita 4 ba. Ina so in je da 'ya'yana biyu, masu shekara 9 da 12. Awa ɗaya za ta ishe mu? Me za mu kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yaran za su iya, amma ka cire maganar awa ɗayan nan daga ranka. Kilomita 4 a kan kwalta daban, a kan dutse daban.

Akwai wani tsohon lissafi da wani mahayin dutse ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Mu ƙaddara hawan da ke hanyarku mita 200 ne, ka ga kusan minti 70 ke nan. Sai dai lissafin na ƙaƙƙarfan mutum ne wanda ba ya tsayawa. Kai kuwa ga yara, ga wurin da sai an dafa da hannu, ga mai cewa ƙafarsa ta gaji, ga ɗaukar hoto. Ware awa biyu da rabi zuwa uku, ku fita da sassafe.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ta inda za ku faro. Tunda zagaye ne, zaɓi na hannunka: ku hau ta ɓangaren da ya fi tsauri, ku sauko ta mai sauƙi. Mutane hawa suke tsoro, alhali a gangara aka fi zamewa, lokacin gwiwa ta saki, hankali ya koma gida, yara kuma sun fara tsere. Falalen dutse in ya bushe yana riƙe takalmi sosai, amma da zarar ya jiƙe, ko gansakuka ta kama shi, to sabulu ne. Da rani ma akwai tarko: busasshen ganye da ƙananan tsakuwa a kan falale suna kwashe ƙafa. Inda ya yi santsi a zauna a sauko da mazaunai, ba abin kunya ba ne. Silifas kuwa a bar shi a mota, a sa kambas mai ƙasan roba.

Kada ka dogara da cewa hanyar za ta mayar da ku da kanta. Turbar shanu da ta masu itace suna giftawa, duk kamarsu ɗaya. Ka nemi ɗan yankin ya raka ku, ko abokin aikin da ya taɓa bi.

Ka gargaɗi yaran tun a gida: ba a zura hannu cikin tsagar dutse, ba a ɗaga dutse don ganin abin da ke ƙasa. Nan kububuwa da kunama suke fakewa, ƙudan zuma kuma suna son kogo. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi kowa, da dabino ko gyaɗa. Jos kanta tana kusan mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar Shere ta haura 1,800, don haka iskar safiya tana cizo, a riƙe rigar sanyi. A Yuli da Agusta ni ba zan kai yara ba, saboda hazo da tsawa. Ka bari sai Nuwamba, lokacin dutse ya bushe.