Kafin ka sauya manhajar kanti, ka ƙirga kayanka

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da kantin kayan masarufi a Garwa, ƙasar Kamaru, yara uku ke tsaya mini. Tun 2016 muke lissafin ciniki da wata manhaja a kan kwamfuta mai Windows 7, yanzu ta fara tsayawa ana tsakiyar ciniki. Wani matashi ya kawo mini sabuwa, ya ce ko ina Yola zan ga cinikin kanti a wayata, amma duk wata zan riƙa biyan sefa 15,000. In sauya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Sauyawa kam dole ce. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, wa'adin Windows 10 ma 14 ga Oktoba 2025 ne, don haka kada wani ya haɗa maka da kwamfuta ta hannu mai ɗauke da shi ya ce sabuwa ce. Amma ganin ciniki a waya ba shi ne abin da ya kamata ya ɗauke maka hankali ba. Dukiyarka tana cikin tsohuwar kwamfutar nan: sunayen kaya, farashin da ka saro su, da kuma wanda kake bi bashi. Waɗannan za a kwasa zuwa sabuwa, kuma wajen kwasar ne ake yin ɓari.

Yau ɗin nan, kafin ka sake magana da matashin, sa a fitar maka da komai cikin Excel, a ajiye a wuri biyu, ɗaya a gida. In tsohuwar ta ƙi fitarwa, to ka san da hannu za a shigar, ka shirya wa aikin kwanaki.

Sai ka zauna ka karanta jerin da idonka. Na taɓa zama a wani kanti muna irin wannan aiki, muka tarar sukari kilo ɗaya yana da suna uku: wani yaro ya rubuta da Faransanci, wani da Hausa, na ukun ya gutsure sunan don sauri. Kwamfuta na cewa akwai 140, a kan kanta 60 ne ba su cika ba. Mai kanti har ya fara hararar yaransa, alhali rabin ɓatan daga rubutu ne. In ka kwashe wannan shirme ka zuba cikin sabuwar manhaja, shirmen za ta riƙa nuna maka a waya, da launi mai kyau. Rufe kanti yini guda, a ƙirga komai har sito, a ba kowane kaya suna ɗaya. A kuma koya wa manhajar katon nawa ne ɗai-ɗai nawa, don mai sayen dunƙulen Maggi biyar kada ta cire masa katon biyar.

Bashi kuwa kada ka yarda da abin da allo ya nuna kawai. Ma'aikatan da ke ɗaukar kaya sai ƙarshen wata, kira kowa ku daidaita, ya ji adadin da kunnensa kafin a shigar. Bayan an sauya, duk wanda ya ce "ai na biya" ba ka da bakin musu.

Yanzu ga matashin. Ka ce ya zo kanti ya kunna ta, ana cikin gwaji ka kashe intanet. In ta tsaya cak, ba ta dace da Garwa ba. Wadda kake so ita ce mai ci gaba da ciniki babu layi, in ya dawo ta tura. Haka wuta: ko ƙaramin batiri ne sai ka tanada. Ka duba kuma ko tana raba tsabar kuɗi da abin da ya shigo ta waya, wato ta Orange Money da MoMo, don a nan lissafin dare ke yawan rikicewa. Tunda kana saro kaya daga Najeriya, ta iya riƙe farashin sari na kowane zuwa: sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa yau sama gobe ƙasa, kuma ribar da aka lissafa da tsohon canji ribar baki ce. Idan kana cikin masu karɓar TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa, ta san kashi 19.25 cikin ɗari, ta san ba kowane kaya ake ɗora wa ba, ta kuma buga lambarka ta biyan haraji (NIU) a rasit.

Kuɗin fa? 15,000 a wata, 180,000 ke nan a shekara, 540,000 a shekara uku. Ba su yi yawa ba in gyara da koyar da yara na ciki. Sun yi yawa in ranar da ka daina biya za a rufe maka bayananka. Wannan a rubuta shi a takarda, ya sa hannu, tare da wanda za ka kira ran da ta lalace, yana Garwa ne ko sai daga Duwala.

Tsohuwar kwamfutar kada ka sayar. Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da Kamaru ke bi, ta ce a ajiye takardun lissafi shekara 10, rasit ɗin ƙaramar na'urar nan kuwa zafin Afrilu ɗaya ya ishe shi ya koma farar takarda.

Kada ka sauya cikin azumi ko dab da Sallah. Zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa, ka bar yara su yi sati biyu suna shigar da ciniki a tsohuwa da sabuwa tare. Za su yi gunaguni, ka saya musu shayi. Duk dare ka gwada jimlar biyun da kuɗin aljihun tebur, in sun yi kwana bakwai a jere suna haɗuwa, sannan ka biya matashin kuɗinsa.