Ga 'yar uwar da aka ce naman nononta a cunkushe yake

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na fara rubutu na goge har sau biyu, don kin fama min tsohon miki. Kin ce shekarunki 43, kin yi mamogiram, wato hoton nono na binciken kansa, karon farko, takarda ta fito ba a ga komai ba, amma an rubuta naman nonon a cunkushe yake, aka sa miki harafin C, kuma kwana uku ke nan ba ki runtsa ba. Kina so ki ji ko farkon kansa ce, ko kuma akwai abin sha ko na shafawa da zai sassauta shi.

Don Allah ki samu barci tukuna. Wannan ba kansa ba ce, ba ma cuta ba ce, halitta ce. Nono kitse ne haɗe da nama, wato hanyoyin ruwan nono da abin da ke riƙe da su. Masu karanta hoton sun kasa shi huɗu, daga A mai kitse kusan duka har zuwa D wanda nama ya cika shi maƙil. Kusan rabin matan da suka haura 40 ko C ne ko D. Ni D ce, mu ne kamar ɗaya cikin goma. Kuma ba a gane shi da hannu. Ƙanwata har cewa ta yi ita nata taushi gare shi, don haka ta tsira. Na ce mata babu ruwansa da taushi ko tauri ko girma, hoto kaɗai ke nuna shi.

Amma ba zan ce miki ki jefa takardar a durowa ki manta ba, don abin da na yi ke nan.

Ina da shekara 46 na yi nawa hoton. Aka ce lafiya ƙalau. Harafin D yana nan a ƙasan takardar, babu wanda ya ce min uffan a kansa, ni ma ban san yana da ma'ana ba. Bayan wata biyar ina wanka na ji wani ɗan ƙullutu a nonon hagu ta wajen hammata, kamar tsakuwa, ba ya ciwo, ba ya motsi. Na koma na ga wani likita, ba zan kama sunansa ba. Wallahi har yau ina ganin yadda yake juya biro a hannunsa. Ya buɗe fayil, ya ce, "Hajiya, hotonki ko wata shida bai yi ba, kuma tas yake." Na ce amma likita ina jin abu. Ya ɗan taɓa ta saman riga, ta saman riga fa, ya yi murmushi ya ce ku mata da zarar kun karanta abu a waya shi ke nan kowace cuta taku ce. Ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye ta yi dariya. Ni ma na yi dariya, kin ji abin da ya fi ci min rai ke nan. Na ji kunya kamar wadda aka kama da ƙarya, har haƙuri na ba shi don na ɓata masa lokaci. Ya rubuta min maganin kashe zafi alhali na gaya masa ba ya min zafi. Na fito ina murna, na kira maigidana na ce ashe ba komai.

Wata bakwai na ƙara ina taɓa abin nan kullum ina ce wa kaina ai likita ya ce ba komai. Sai da kaluluwa ta fito min a hammata sannan na je wani wurin. Mace ce wannan karon. Ta sa a yi sikanin nan take. Muna hira muna dariya, sai na ji ta yi tsit, tana ta aune-aune a allon. Can ta ce, "Tun yaushe kike jin sa?" Da na ce wata bakwai ke nan, ba ta ce komai ba, ta dai ajiye abin hannunta. Aka ɗebi ɗan nama da allura aka kai gwaji. Ranar da na karɓi sakamakon ban iya kaiwa mota ba, a matakalar bene na zauna da ambulan a cinyata, mutane na ratsa ni suna wucewa. Na kira maigida ya ɗauka yana ta sallama, bakina ya ƙi buɗewa. Abin da ke yawo a kaina kawai shi ne autata tana aji uku, wa zai yi mata kitso. Kin ga shirme ko? Amma shi ne ya zo min.

Ita likitar ce ta ɗora tsohon hotona a gabana ta yi min bayani. Kitse baƙi-baƙi yake fitowa a mamogiram, nama kuma fari. Ƙarin kansa shi ma fari. To a nono irin nawa kamar neman farin zare ne a tulin auduga. Tun ranar na daina jin "ba a ga komai ba" a matsayin "babu komai".

Na sake haɗuwa da likitan farkon nan sau ɗaya, lokacin ina kemo, wato maganin kansa, gashina ya zube, ko gira babu. Ya wuce ni bai ma gane ni ba. Na so in tare shi, ƙafata ta ƙi. Mutane suna ta cewa in yafe, ina ƙoƙari, Allah ya gani, amma ban kai can ba tukuna.

Bayan ɓoye ƙari, cunkoson shi kansa yana ɗan ƙara haɗarin kamuwa. Mu 'yan D kusan ninki biyu ne in an gwada mu da mai matsakaicin nama, ku 'yan C ƙarin kaɗan ne, kuma yawancin masu irin wannan nono har su tsufa ba sa ganin kansa. Kada labarina ya sa ki ɗauka layinmu ɗaya. Ni abin da ya cuce ni rashin sani ne, ke kuwa ga shi kin sani tun da wuri. A Amurka ma sai da wata mata, Nancy Cappello, ta sha irin tawa a 2004, makonni kaɗan bayan an ce hotonta lafiya aka gano kansa ta yi nisa, ta tashi tsaye har jiharta Connecticut ta yi doka a 2009. Sai a Satumban 2024 ya zama dole a faɗin ƙasar a sanar da kowace mace yanayin naman nononta.

Maganar abin sha ko na shafawa kuwa, ki riƙe kuɗinki. Babu man da ke narkar da shi. Da kansa yake raguwa in shekaru sun ja, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Shayarwa na ƙara shi, haka ma maganin homon da ake ba wasu bayan al'ada ta ɗauke, don haka in kina ɗaya daga ciki ki faɗa musu. Wata ta taɓa ce min in yi ƙiba kitse ya rinjayi naman. Kada ki soma, ƙiba bayan ɗaukewar al'ada ita ma ƙara haɗarin take yi.

Af, kuma ki kula da wanda za ki gaya wa. Ni akwai masu zuwa dubiya da ba su da labari sai na wance da ta rasu da irin wannan ciwon. Ɗaya har lissafa min su take yi da yatsu. Daga baya maigida ya koma cewa ina barci.

Ki koma wurin likita da takardar a hannu, ki nuna masa harafin da yatsa, ki tambaye shi ko kina buƙatar ƙarin sikanin, ko mamogiram mai ɗaukar hoto fala-fala da ake kira 3D, ko MRI, wato hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu. Ba kowa ake yi wa ba, ya danganta da sauran abubuwa, musamman tarihin gida. Ki bincika ko an taɓa yin kansar nono ko ta ƙwan mace a danginku, har ɓangaren mahaifi, don mutane na mantawa da gwaggwanni. A Holan an yi wani babban bincike da ya fito a 2019 a kan 'yan D, ƙara MRI ya rage kansar da ke ɓullowa tsakanin hoto da hoto da rabi, daga 5 cikin 1,000 zuwa biyu da rabi. Sai dai yana yawan tayar da hankali a banza, a ga abu, a soka allura, ya zama ba komai. An yi min haka bara a nonon dama, sati guda ban ci abincin kirki ba. Kuma kada ki ce tunda mamogiram ba ya gani da kyau kin daina, akwai ƙananan alamu da shi ya fi kowa kamawa.

In kuwa hannunki ya ji ƙullutu, ko kan nono ya shige ciki, ko ya fitar da jini, ko fata ta lotsa, ko da jiya aka yi hoton, ki kafe sai an yi sikanin. In an yi miki dariya kada ki taya su.

Ba ki faɗa mana ko akwai mai ita a gidanku ba, kuma kina shayarwa ne? Ki amsa min nan. Ni ma ran Talata zan koma a duba ni, ku sa ni a addu'a.