Wane VPN Zan Sa Wa Mai Waya?

Yarona, ka tambaye ni idan mutum ya miƙo waya ya ce a sa masa VPN don kada kowa ya san abin da yake yi a intanet, wanne za ka sauke masa cikin tulin da ke Play Store. Sunaye zan ba ka, amma sai mun yi nisa, domin idan suna kawai na ba ka, gobe a sayar da kamfanin ka ci gaba da ɗora wa mutane shi ba ka sani ba. Ajiye sukundireban nan ka jawo benci.

Fara da sanin aikin da abin yake yi. Wayar da ba ta da VPN, duk abin da ta nema ta hannun MTN ko Telecel ko AT yake bi, ko ta hannun mai Wi-Fi ɗin da ka hau. Yawancin shafuka yanzu suna da nasu makulli, wannan https da kake gani a farkon adireshi, saboda haka mai layin ba ya karanta abin da ka rubuta. Amma yana ganin sunan shafin da ka shiga, da lokacin, da yawan datar da ka ci. Da ka kunna VPN, sai wayar ta ƙulle komai ta aika wa wata kwamfuta ta kamfanin VPN, a ce a Landan ko Johannesburg, can za a kwance a miƙa wa shafin. Mai layi ya daina ganin inda ka nufa. Shafin kuma adireshin IP na kamfanin yake gani a madadin naka, wato lambar da ke nuna daga ina ka shigo intanet.

To wa yake kwancewa a can? Kamfanin VPN. Duk abin da mai layi yake gani a dā, yanzu shi ke ganinsa, ga shi kuma ya san adireshinka na gaskiya tunda daga nan ka zo masa. Mai gani yana nan, canja shi kawai aka yi. Kamfanin layi aƙalla yana da ofis a nan Accra, kuma dokar kare bayanai ta 2012, wadda ake kira Act 843, tana kansa. Wanda ya yi manhajar nan mai hoton garkuwa fa? Ba ka san sunansa ba, ba ka san ƙasarsa ba. Shi ya sa nake ɗaukar zaɓen VPN kamar zaɓen mai karɓar susu, wato adashe: kyan katinsa ba ya gaya maka komai, abin da kake bincike shi ne wane ne shi, da me yake ci, kuma ranar da aka matsa masa yaya ya yi da amanar mutane.

Kafin ka taɓa wayar, tambayi mai ita daga wa yake ɓuya. Hajiyar da take sayar da atamfa tana zuwa Lome da Dubai, tana hawa Wi-Fi ɗin otal da na filin jirgi, VPN zai yi mata amfani. Wanda zai je ƙasar da ake toshe shafuka, shi ma haka. Ka tuna yadda 'yan'uwanmu na Najeriya suka koma kansa lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Amma wanda ya ce yana so ya ɓace gaba ɗaya, kada kowa ya san shi ne, faɗa masa gaskiya tun kafin ya biya ka: VPN ba ya yin wannan. Layinsa da Ghana Card aka yi masa rajista, turakun sadarwa sun san unguwar da wayar take ko VPN na kunne ko yana kashe. Kira da saƙon tes ba sa bi ta cikinsa sam. Idan kuma ya shiga Facebook ko Gmail da sunansa, ai ya riga ya gabatar da kansa, adireshin Landan bai canja komai ba. Ɗan jarida ko mai fallasa wata ɓarna da ransa ke cikin haɗari, manhajar ɓoye sawu da ake kira Tor ta fi dacewa da shi, domin can saƙo ta hannu uku yake bi, babu ɗaya da ya san mafari da maƙura a lokaci guda. Yana da nauyi, kuma shi ma sai da kiyayewa, amma kada ka sallami irin wannan mutum da VPN kaɗai ka ce masa ya tsira.

Yanzu na kyauta, waɗanda su ne suka cika wayoyin Nima da Mamobi. Riƙe kwamfutoci a ƙasashe da yawa kuɗi ne, kowane wata ana biyan haya da layi. Idan mai waya bai biya ba, daga wani wuri ake fanshewa. A 2016 masu bincike na cibiyar CSIRO ta Ostareliya da wasu jami'o'i sun gwada manhajojin VPN 283 na Android. Kashi 18 cikin ɗari ba sa ƙulle bayanan ma ko kaɗan, hoton makulli kawai suke nunawa. Kashi 38 an ga alamun mugun abu a cikinsu. A 2015 ya fito fili cewa wani VPN mai suna Hola yana sayar da layin masu amfani da shi kyauta ga wasu, wato baƙo ya bi ta adireshinka ya yi abin da ya ga dama, idan an biyo sawu ƙofarka za a tsaya. Onavo kuwa, shi ma VPN ne na kyauta, Facebook ne ya saye shi a 2013, yana duba manhajojin da mutane suke buɗewa don ya san wace ce take tashe. An cire shi daga shagon Apple a 2018, aka rufe shi a 2019. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mafi muni su ne waɗanda yara ke tura wa juna ta Xender ko Telegram, wai an fasa na kuɗi ya zama kyauta, ko wai yana ba da data ba biya. Ranar da ka kunna VPN karon farko, Android yakan fito da wani ɗan akwati yana tambaya ko ka yarda wannan manhaja ta riƙa lura da zirga-zirgar wayar. Mutane suna danna OK ba su karanta ba. Kai ka karanta, ka san me kake miƙawa, kuma ga wa. A shagon nan ba ma sa wa kowa manhajar da aka fasa, ko ya roƙa.

Duk kamfanonin, na kuɗi da na kyauta, za ka ga sun rubuta cewa ba sa ajiye bayanin shige da ficen kowa. Rubutawa ba ta da wuya. A 2020 an tarar da rumbun UFO VPN da wasu 'yan'uwansa na Hong Kong a buɗe a intanet, cike da adiresoshin mutane da bayanan da suka rantse ba sa ajiyewa. A 2017 PureVPN, wanda shi ma haka yake talla, ya ba hukumar FBI ta Amurka bayanan da suka nuna mutum ɗaya ne yake shiga daga gidansa da wurin aikinsa. Mutumin mugu ne, yana bibiyar wata mata yana cutar da ita, kama shi daidai ne. Abin da nake so ka gani shi ne bayanan suna nan ajiye, alhali an ce babu.

Ga kuma ɗaya gefen. A Afrilun 2023 'yan sandan Sweden sun je ofishin Mullvad a Gothenburg da takardar bincike, suna neman bayanan masu amfani da shi. Suka tafi hannu rabbana, domin babu abin da za a ɗauka. A 2017 hukumomin Turkiyya sun ƙwace wata kwamfutar ExpressVPN a binciken kisan jakadan Rasha, ba su sami komai a ciki ba. Irin wannan shaida ita ce mai nauyi a wurina, ta fi duk wani talla. Bayanta sai kamfanin da yake kiran masu bincike daga waje su duba na'urorinsa, ya kuma buga rahoton kowa ya karanta, da wanda ya bar rubutun manhajarsa a buɗe don masana su tona.

Ka kuma san mai kamfanin. Wani kamfani da ake kira Kape ya sayi CyberGhost, ya sayi Private Internet Access, sannan a 2021 ya sayi ExpressVPN a kan dala miliyan 936. A shekarar dai ya sayi vpnMentor, ɗaya daga cikin shafukan da suke jera wa mutane "VPN goma mafi kyau". NordVPN da Surfshark kuma sun haɗe a 2022. Ban ce kayansu ba su da kyau ba. Amma idan ka buɗe shafi ka ga an jera na ɗaya da na biyu da na uku, ka sani galibin irin waɗannan shafuka suna da kamasho a kan duk wanda ya saya ta hannunsu, wani lokaci ma mai jerin da waɗanda aka jera gida ɗaya ne. Dokar ƙasar da kamfani yake ita ma tana da tasiri. A 2022 Indiya ta ce dole masu VPN su ajiye bayanan abokan cinikinsu na shekara biyar, sai manyan kamfanoni da dama suka kwashe kwamfutocinsu daga ƙasar maimakon su bi. Wannan ma yana nuna maka halin kamfani.

Ga sunayen da na ce zan ba ka, a yadda abubuwa suke a yanzu. Mai iya biya, kuma sirri ne damuwarsa, Mullvad nake fara ambata masa. Yuro 5 ne a wata, ba ya tambayar suna ko imel, lamba mai alƙaluma 16 kawai yake ba ka, ita ce asusunka. Rubuta wa mai waya ita a takarda ya adana, kai kuma kada ka riƙe kwafi. Wanda ba shi da hali, Proton VPN na ƙasar Switzerland yana da ɓangaren kyauta marar talla kuma marar iyakar data. Masu biya ne suke ɗauke da nauyinsa, saboda haka ka san daga ina kuɗin yake fitowa. Ba ya barin ka zaɓi ƙasa yadda kake so, kuma waya ɗaya kawai yake ɗauka. Ko su ma kada ka ɗauke su waliyyai. A 2021 hukumomin Switzerland sun tilasta wa ɓangaren imel na Proton ya ba da adireshin IP na wani ɗan gwagwarmaya a Faransa, kuma ya bayar. Kowane kamfani akwai dokar da take bisa kansa.

Idan ka sauke, daga shagon Google ko Apple ko shafin kamfanin kansa, duba sunan wanda ya wallafa, domin na jabu masu kama da suna sun yi yawa. A cikin saiti, wurin zaɓen hanyar da VPN yake ƙulle bayanai, zaɓi WireGuard idan akwai. Ya fi sauri, ya fi sauƙi ga batir, rubutunsa kuma gajere ne har masana suna iya bin sa layi-layi. OpenVPN ma amintacce ne. Wanda duk ka ga yana ba da PPTP, bar shi, an daɗe da karya wannan.

Sai gwaji, kuma a gaban mai wayar nake so ka yi shi. Kafin ka kunna, buɗe ipleak.net, za ka ga tutar Ghana da sunan kamfanin layinsa. Kunna VPN, ɗan makulli ya fito a saman allo kusa da alamar batir, sake loda shafin. Tuta ta canja. Gangara ƙasa inda aka jera DNS, wato kwamfutocin da waya take tambaya su nemo mata shafi da sunansa. Idan har sunan kamfanin layinsa yana nan, to akwai yoyo, ana ganin shafukan da yake nema duk da makullin. Daga nan shiga saitin wayar, wurin VPN, kunna Always-on VPN da Block connections without VPN. Amfaninsu shi ne idan VPN ya yanke, a cikin motar trotro ko lokacin da waya ta sauka daga Wi-Fi ta hau data, intanet ɗin ya tsaya cak maimakon ya ci gaba a buɗe mutum bai sani ba. Kunna yanayin jirgi ka kashe, ka ga ko ya dawo da kansa. A Tecno da Infinix da itel, cire shi daga jerin manhajojin da mai tanadin batir yake kashewa, in ba haka ba mai waya zai dawo jibi ya ce aikinka bai yi ba.

Gaya masa kuma sauri zai ɗan ragu, data za ta ɗan ƙara tafiya, kuma manhajar banki tana iya ƙin buɗewa idan ta ga kamar daga Turai yake shigowa. Wajen biya, yawancinsu kati suke karɓa. Farashin nan mai rahusa na shekara biyu da ake rubutawa da manyan baƙaƙe, idan ya ƙare da kansa yake sabuntawa a kan kuɗi mafi yawa, saboda haka nuna masa inda ake kashe sabuntawar. Bari ya fara da wata ɗaya. Wanda ke sayar da na "har abada" a biya ɗaya, ka tambayi kanka da me zai biya hayar kwamfutocinsa nan da shekara uku.

Akwai masu zuwa, kai ma ka san su, yaro ya ce a sa masa wanda zai nuna yana Amurka, ga hotunan wata mata da ba shi ba cike da wayar. Wannan aikin 'yan sakawa ne, masu damfara ta intanet, ba ma sa hannu a ciki, komai kuɗin da ya ajiye a kan tebur. Faɗa masa da ladabi cewa ba ma yi, idan ya matsa ka turo shi wurina.

Tsofaffin da suke zuwa saboda an cuce su a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kuwa, kada ka karɓi kuɗinsu a kan VPN. *170# da ake dannawa don MoMo ba ta intanet yake bi ba, kuma wanda ya kira ya ce daga ofis yake, ya karɓi lambar sirri da daɗin baki, babu manhajar da za ta tare shi. Zaunar da su ka canja musu lambar sirrin su danna da hannunsu, kai kana kallon wani wuri, ka nuna musu yadda ake duba saƙon neman amincewa kafin a danna, ka sa wa WhatsApp ɗinsu tabbaci mai mataki biyu. Idan an riga an kwashe kuɗin, a kira kamfanin layin nan take, sannan a kai rahoto ga hukumar tsaron intanet ta ƙasa a lamba 292.