Amsa: gajeren taku bayan sauka daga keke

Malama, kin tambaya ko gajiya ce kaɗai ke sa ƙwararrun mata masu gasar ninkaya da keke da gudu su riƙa gajeren taku da zarar sun sauka daga keke. Gajiya tana ciki, amma akwai kuma zaman sirdin keke. A gasar Olamfik mace takan yi kilomita 40 a sunkuye, kimanin awa guda, kafin ta shiga gudun kilomita 10. Tsokar gaban ƙugu ta riga ta ɗaure, ƙirji ya karkata gaba, ƙafa kuma ba ta miƙewa baya yadda ya kamata, shi ya sa gwanaye ke yawaita taku har jiki ya saki.

Na gwada wannan a Dandalin Murtala da sassafe, kuma duk ranar da na tsawaita taku da ƙarfi, dunduniyata kan dira nesa da jikina, in ji duka a gwiwa. Ki sassauta giyar keke a mintunan ƙarshe na tuƙi, sannan ki bar ƙafa ta sauka ƙarƙashin ƙugunki, amma idan zafin gwiwar ya kwana, ki ga likita kafin ki koma.